Ranar da Na Duba wa Surukina Jar Mota

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kuma ko na so in manta, mutanen Illela ba za su bar ni ba. Bari in faɗi gaskiya tun kafin wani ya riga ni: wauta ce, tawa ce, ba wanda ya taya ni. Da ƙafata na kai kaina, da bakina na jawo wa kaina, da harshena kuma na ɗanɗana (wannan na ƙarshe ku riƙe shi, za mu iso wurin).

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. Na leƙa firamare, malamin ya ga ba ni da niyya, ni ma na ga ba shi da haƙuri, muka rabu lafiya. Daga nan na bi wata gingimari mai jigilar albasa da gero tsakanin nan da Tawa ta ƙasar Nijar, a matsayin yaron mota. Aikina guda ne: in ta tsaya a kan gangare in diro da gudu in sa mata weji a bayan taya. Rani ɗaya na yi aka sallame ni, wai na cika barci. To a kan wannan rani ɗaya na gina sunan da na ci moriyarsa har gemuna ya yi fari.

Labarin da na fi so in bayar shi ne na ranar da motar ta fasa mai a tsakiyar daji, na shiga ƙarƙashinta na toshe yoyon da sabulu da mazagin wandona, muka iso gida lafiya. Abin ya faru kam. Sai dai direban ne ya shiga ƙarƙashin, ni sabulun na miƙa masa. (Mazagin nawa ne, wannan ba mai ƙwace mini shi.) Amma labari in ya daɗe a bakin mutum yakan gyara zama, har ni kaina na fara tuna zafin man a kafaɗata. A majalisarmu ta bakin tasha, ƙarƙashin dogon yaro, tun ana kirana Injiniya da zolaya har sunan ya zauna. Mota in ta wuce sai in karkata kai in ce, "Wagga gaskit ɗinta ya kusa." Wa zai bi ta ya tabbatar? Matata Hajiya Kulu ta ji labarin dajin nan har ta haddace shi. In na fara sai ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Kada ku ɗauka ban san komai ba. Zama da direbobi ya sa na tsinci abubuwa, musamman a kan baƙin mai, kuma gaskiya ne abin da na tsinta. Mai sayar da tsohuwar mota yakan wanke injin da omo da fetur har ya riƙa ƙyalli, don kada ka ga inda mai ke tsattsafowa. Wani ya ɗura mata mai mai kauri wanda ba ya saurin ɗiga sai ta ɗau zafi. Wani ya ajiye ta a kan rairayi, duk abin da ya ɗigo ƙasa ta shanye. Maganinsu shi ne ka kai ta kan daɓe, ka shimfiɗa abu mai tsabta a ƙarƙashin injin, a tashe ta ta yi zafi sosai, sannan ka jawo ka duba. Baƙi ko ruwan ƙasa, man inji ne. Ja, na giya ne ko na sitiyari. Ruwa garai, na sanyaya ɗaki ne, ba laifi. Wannan karatu daidai yake, ko gobe ku yi aiki da shi. Ba a karatun na faɗi ba.

Yanzu sai surukina. Sunansa Nasiru, ɗan Gidan Katta, shi ke auren ɗiyata Hadiza. Yaro ne mai neman na kansa, albasa yake saye ya adana, in ta yi tsada ya fitar, Allah kuma ya sa masa albarka. Kunya gare shi kamar me. Tun da ya auri Hadiza bai taɓa haɗa ido da ni ba. In ya hango ni daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, ko da a tsakiyar kasuwa ne. Ruwa ba ya sha a gabana. In na ce rana ta yamma take fitowa, iyakarsa ya ce, "Haka ne, Baba." Wannan girma da yake ba ni ina jin daɗinsa fiye da yadda nake nunawa, domin ba ni da gona mai yawa, ba ni da sarauta, ba ni da takardar boko. Abin da nake da shi a idon yaron nan shi ne wai ni Injiniya ne.

Wata Juma'a Hadiza ta zo gaishe mu, tana hira da uwarta a tsakar gida, ina ɗaki ina yi kamar barci. Sai na ji ta ce maigidanta ya ga wata jar motar tsere da aka shigo da ita daga Kwatano ta Ƙonni, mai ƙofa biyu, ya kasa cin abinci a kanta. Kullum yana cikin waya yana kallon irinta, har ya san ta ciki da waje. Na fito da hula a karkace.

"Mi kika ce? Mota za a saye a zuri'ata ban gani ba?"

Hajiya Kulu ta ce, "Malam, ka bar yaro da bakanikensa."

Na ce bakaniken yanzu mi suka sani ban da canza abin da bai lalace ba. Na sa Hadiza ta gaya wa mijinta kada ya kuskura ya yi ciniki sai na sa ido. Da la'asar sai ga Nasiru ya zo ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa, ya ce ai dama yana da niyyar zuwa neman shawara. (Ƙarya ce irin ta ladabi, amma na karɓa.) Ya buɗe baki zai ƙara wata magana, "Baba, ita wagga mota, injinta..." Na ɗaga masa hannu. Na ce inji inji ne, ko na jirgin sama ne. Ya ce, "Haka ne, Baba."

Aka tsayar da Lahadi, ranar kasuwa. Ni na zaɓi ranar, kuma ba don komai ba sai don a samu 'yan kallo.

Da safe na nemi kwali mai tsabta a gida ban samu ba, duk sun sha man gyaɗa ko kashin kaji. Kuma a raina na ce kwali ai na ƙananan bakanike ne, babban gwani da farin ƙyalle ya kamata a gan shi. Hajiya Kulu tana da wani farin zanen gado da ƙanwarta ta kawo mata tsaraba daga Umra, yana ƙasan akwati, ba ta shimfiɗa shi sai in za a yi manyan baƙi. Na jira ta shiga maƙwabta, na zare shi, na naɗe na sa a hammata na fice. Tunanina in motar lafiya take zan dawo da shi fes, ba wanda ya sani. In kuma ba lafiya take ba... to, ban kai tunanin can ba.

Ban yi nisa ba mutane suka fara tare ni. Dattijo da farin yadi a hammata, yana sauri, fuska a murtuke. Mai shayi ya ajiye kofi ya ce, "Innalillahi, Injiniya, wa yar rasu?" Na ce ba kowa, mota za ni dubawa. Ai kuwa sai ya bar wa maƙwabcinsa teburin ya biyo ni. Kafin in kai fegin da ake ajiye motoci, bayan tsohon gidan mai, ina da jama'a kamar mai neman kansila. Har da abokina Malam Buba, Bafulatani dillalin shanu, ya bar kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwa sukutum ya taho da sandarsa a wuya, ya ce yau sai ya ga aikin da ya daɗe yana jin labari.

Motar kuwa, tsakani da Allah, ta haɗu. Ja wur kamar barkono, gajeriya, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare yana shan hantsi. Rufinta bai wuce cibiyata ba. Na kewaya ta na ce a raina, wannan ina za a sa buhun albasa? Ina Hadiza za ta sa yara? Amma ba wannan aka kira ni dubawa ba. Nasiru yana gefe a tsugune, takalmansa a hannu.

Mai motar wani Bayarabe ne, Rasaki, ya daɗe yana kawo motoci garin nan, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ni kuwa Bagobiri ne, kun san tsakaninmu da su wasa ne tun kakanni, ba a fushi. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, Bagobiri! Yau kuma kai aka ɗauko? Ai na zaci mai ido za a kawo."

Na ce, "Rufe mini baki. Kai mi ka sani a duniya in ban da manja? Da shi aka yi maka wanka ranar da aka haife ka."

Jama'a suka yi dariya, na ji kaina ya ƙara girma. (Ku riƙe wannan maganar ma.)

Abu na farko da na lura, a kan rairayi ya ajiye ta. Na nuna da yatsa na ce, "Kun gani? Dabara ta ɗaya ke nan." Na sa matasa suka tura ta da hannu zuwa kan daɓen tsohon gidan man, na hana a tashe ta tukuna. Rasaki ya ɗan sosa ƙeya, na gane na taɓa shi. Sai ya miƙa hannu cikin motar ya ce bari ya buɗe mini in ga inji. Na daka masa tsawa.

"Kada ka buɗe! Na san ka wanke shi da omo. Ni ba a nuna mini abin da aka shirya. Sama tana ƙarya, ƙasa ba ta yi. Daga ƙasa nika karatu."

Wani daga baya ya ce, "Allah shi ja da ran Injiniya!" Rasaki ya dube ni, ya dubi inda na nufa da zanen, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce, "To, gwani, bismillah." Da ina da hankali, wannan sakin fuskar ya isa ya tsayar da ni.

Na tuɓe takalma. Na cire hulata, sabuwar kube da na yi Sallah da ita, na rasa inda zan ajiye ta don kada a taka. Sai na ga inuwa mai kyau a ƙarƙashin bayan motar, na tura ta can ciki, bakinta sama, na jefa guntun gorona a ciki. Na dawo gaban motar na warware zanen Hajiya Kulu, ya ɗau rana yana walƙiya. Na durƙusa zan shiga ƙarƙashi kamar yadda nake faɗa a labarin daji, sai tumbina ya ce bai san zancen ba. Ko kaina da ƙyar ya shiga. Dole na ari sandar Malam Buba na tura zanen, na baje shi tsaf tsakanin tayoyin gaba.

Nasiru ya matso da tsugunonsa, murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan yatsun ƙafata.

"Baba, da an ɗan ja shi ta baya..."

Na ce, "Yaro, a baya mi za mu gani? Tankin fetur?"

Can ya sake cewa, "Na ce ko don albarkacin bayan ma, Baba."

Na juya ga jama'a na ce, "Kun ji yaran waya. Mota tun da aka ƙirƙire ta, kai a gaba, wutsiya a baya." Nasiru ya ce, "Haka ne, Baba," ya koma inda yake. Yanzu da nake tunawa, gumin da ke karyo masa a lokacin ba na rana ba ne. Yaron ya san komai. Amma ta yaya zai ce wa uban matarsa, a gaban rabin kasuwar Illela, "Ba nan ba ne"? Ya gwammace ƙasa ta tsage. Ni na koya masa wannan ladabin da yawan yabonsa, ga shi ranar ladabin ya riƙe masa harshe ina tafiya rami.

Na ba da umarni a tashe ta. Rasaki ya murɗa makulli, ta yi wani irin gurnani har awakin da ke kusa suka watse. Na ce a bar ta ta yi zafi. Muka tsaya, ina ta zuba bayani a kan kalar mai da warinsa, da yadda shuɗin hayaƙi ke nuna inji na shan mai. Malam Buba ya karkata kunne, ya taka zuwa baya, ya dawo gaba, ya sake komawa.

"Injiniya, ni dai ban san mota ba. Amma saniya ta inda bakinta yake nika jin kukanta. Wagga ko duk ta baya kukan ke hitowa."

Na ce, "Buba, tsaya ga shanunka. Salansa ce. Motar tsere duk ƙararta baya ake turawa don kada ta dami direba."

Ya ce, "Too." Wannan "too" ɗin har yau ina jin sa a kunnena.

Da na ga ta ɗau zafi sosai, na sa aka kashe, na yi bismillah na jawo zanen a hankali kamar mai fito da jariri. Jama'a suka yi caa a kaina. Ga shi nan kuwa, a tsakiya: tabo ja jawur, faɗinsa ya kai tafin hannu, yana ta yaɗuwa. Zuciyata ta buga sau biyu a lokaci guda, ɗaya don murna na kama ɓarawo, ɗaya don na tuna mai zanen. Na danne ta biyun.

Na dangwala yatsa na murza. Na kai hanci. Sannan, don in cika gwaninta kamar yadda na ga wani tsohon direba yana yi, na kai harshe.

Jama'a, harshen nan nawa ya gaya mini gaskiya nan take. Ya ce, maigida, wannan abin mun san shi, jiya ma da shi muka ci wake. Amma kunnena ya riga ya cika da "Allah shi ja da ran Injiniya," bai saurari harshe ba.

Rasaki ya ce, "Yaya, Bagobiri? Da gishiri ko babu?"

Na miƙe na ɗaga zanen sama yadda kowa zai gani. Na ce wannan man giya ne, kuma ya lalace, shi ya sa har ya yi gardi. Na ce motar nan jininta ke zuba, ba za ta kai Gwadabawa ba za ta kwanta. Na ce an so a cuci marayan Allah (Nasiru iyayensa duka suna raye, amma magana ta ɗauke ni). Na nuna Rasaki na ce, "Yanzu na yarda, buɗe! Buɗe in nuna wa jama'a daidai inda ta fashe, da yatsana."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Buɗe, ɗan manja!"

Ya ja wani abu a cikin motar, murfin gaba ya yi ƙwas. Na ɗaga shi da kaina, yatsana a miƙe, a shirye.

Babu inji.

Rami ne kawai mai shimfiɗar baƙin kafet. A ciki akwai abarba guda uku, da ƙullin gari, da wata jarka mai ruwan ɗorawa ta kwanta a gefenta. Ni kuwa idona bai tsaya kan jarkar ba, abin da babu shi na gani. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya tafi. Na ɗora hannu biyu a ka na kurma ihu da iyakar ƙarfina:

"Jama'a, an sace injin! Ku riƙe shi! Mota ba inji zai sayar muna!"

Motar da ta gama gurnani a gabana yanzu-yanzu. Motar da ta kori awaki.

Rasaki ya taka a hankali zuwa baya, ya ɗaga wani murfi mai tsage-tsage a bayan kujeru. Ga inji nan zaune, ƙato, yana ta hucin zafi. Sannan ya dawo gaba ya ɗago jarkar, murfinta ya tsage, tana ɗiga. Ya ce manja ne, tsarabar matarsa daga Kwatano, turin da na sa aka yi ne ya kayar da ita. Ya miƙo mini ita da hannu biyu, har da rusunawa.

"Gwani, ga sauran man giyar. A kai wa Hajiya ta yi maka miya."

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ranar. Mai shayi ya zauna daɓas a ƙasa. Malam Buba ya jingina da sandarsa yana share hawaye da gefen rawani, yana cewa, "Salansa ce, salansa ce." Masu babur suka tsaya suna tambaya, ana ba su labari, su ma su kama. Na waiga neman Nasiru. Ya juya mana baya, ya fuskanci bango a tsugune, kafaɗunsa suna rawa. Har yau yana rantsuwa wai tari ne ya sarƙe shi.

Na ce a raina, abin da ya rage shi ne in tafi da sauran mutuncina. Na zura takalma, na sunkuya bayan motar na jawo hulata, ban ko duba ba na kifa ta a ka, na ɗaga haɓa zan wuce kamar wanda aka kira gida da gaggawa.

Sai na ji ɗumi. Wani abu mai kauri ya gangaro ta goshina, ya bi gefen hanci, ya shiga gemu. Wani ya bi ta bayan kunne ya sauka cikin wuyan riga. Na shafa na duba: baƙi ƙirin, mai warin ƙuna. Guntun gorona ya faɗo ƙasa, shi ma baƙi. Duk tsawon lokacin da nake gaba ina wa'azi a kan manja, hulata tana baya, daidai ƙarƙashin injin, tana tarar baƙin mai ɗigo bayan ɗigo.

Dariyar ta tashi sabuwa, amma wannan karon ban da Rasaki.

Nan fa Nasiru ya yi abin da har in mutu ban san ko in gode masa ko in yi fushi ba. Ya taso, ya zo gabana ya durƙusa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, abin da bai taɓa yi a gabana ba.

"Jama'a, ku dubi hikimar manya. Baba ya san injin baya yake. Ya shimfiɗa zane a gaba ne don mai mota shi saki jiki, ya sa hularsa inda yoyon yake. Ga shaida nan a kansa. Mun gode, Baba. Na fasa."

Ya faɗi wannan ƙarya fuskarsa ko gezau, mai yana ɗiga daga gemuna kusa da gwiwarsa. Ba wanda ya yarda, ko akuya. Amma ba wanda ya iya musawa, domin ga man nan kowa na gani. Malam Buba ya ce, "Lalle hikima ta yi hikima, har da ihun ɓarawo a ciki." Rasaki ya leƙa ƙarƙashin motarsa ya daɗe, ya ɗago ya ce dama sil ɗin ne, robar da ke tare mai, ya ɗan saki, abu kaɗan ne. Na so in ba shi amsa, amma in na buɗe baki mai zai shiga.

Nasiru ya cire rawanin wuyansa ya miƙo mini, kansa a sunkuye, na goge fuska. Ya goya ni a babur ɗinsa ya kawo ni gida ta lungu. Da na sauka sai ya durƙusa ya ce, "Allah shi ƙara girma, Baba." Na duba fuskarsa da kyau ko zan ga alamar dariya, ban gani ba. Wannan ya fi dariyar kasuwa ciwo.

Daga baya ya sayi wata mota mai ƙofa huɗu, mai ɗaukar Hadiza da yara da buhun albasa biyu a baya. Ya tafi da bakanikensa, amma sai da ya biyo ya ce in sa albarka. Na kewaya ta, na tambaye shi a hankali yadda ba wanda zai ji, "Wagga ina nata yake?" Ya ce, "Gaba, Baba." Na ce madalla, haka ya kamata.

Abin da na koya ke nan, kuma kyauta nake ba ku: kafin ka nemi inda inji ke yoyo, fara tambayar inda injin yake. In kuma surukinka mai kunya ya ce maka "da an ɗan ja ta baya," to ba shawara yake ba ka ba, ihu yake yi, iyakar ƙarfin muryarsa ke nan. A majalisa har yanzu ana kirana Injiniya, sai dai in mota ta wuce ba na karkata kai. In na manta na karkata, Malam Buba zai ce, "Duba da kyau, ko an sace na wagga ma."

Saura zanen gado. Na so in ɓoye shi, amma labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Hajiya Kulu a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta karɓi zanen ta warware, ta dubi jan tabon, ta dubi baƙar hulata, ta dubi gemuna. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsoshi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ninke shi a hankali ta ajiye a gefe, ta koma kan farantinta. Sai da na kai ƙofar ɗaki, ina cewa na tsira, na ji muryarta a bayana, a sanyaye.

"Malam, ita waccan motar ta dajin Tawa da kake ba mu labari, ta gaba ka toshe ta ko ta baya?"